Ƙarar da Na Kai Mutumin da Zai Koya Maka Aiki

Bukkuyum,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗana Dikko,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya kare ka daga sharrin hanya da na abin da ke ɓoye a gefen hanya.

Ka san ba al'adarmu ba ce ni da kai mu zauna kan tabarma ɗaya mu yi doguwar magana. Kai ne ɗan fari, kuma haka na taso na tarar ana yi. Saboda haka, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, na zaɓi in rubuta, Innarka ta miƙa maka.

Ita ce ta shaida mini cewa ofishin lauyoyi na Barista Haliru da ke Gusau ya kira ka aiki, yanzu da ka gama makarantar horon lauyoyi da hidimar ƙasa, kuma suna jiran amsarka kafin watan nan ya ƙare. Ta ce ka ce ba za ka je ba. Gara ka tafi Kaduna ka yi ta bin ofisoshi, ko da za ka daɗe ba ka samu ba, da ka riƙe jakar mutumin da ya ci mutuncin ubanka a gaban alƙali. Na ji daɗin kishin, amma ban ji daɗin shawarar ba. Lokacin da abin ya faru kana makarantar kwana. Abin da ka sani daga bakin mutane ka tsinto shi, su kuwa sun ba ka ɓangaren da suke ganin zai yi wa ɗa daɗin ji. Ga yadda al'amarin ya kasance, daga farkonsa.

Tun kafin a ba ni hedimasta, mutanen ƙauyenmu da na kewaye suna kirana zagayen iyakar gona. Aikin kakanka ne, ni na gada. Idan mutum biyu suka saɓa a kan gona, ba a farawa da tambayar wa ke da gaskiya. Akan je gidan wannan a ji ta bakinsa, a ce masa maganarsa tana kan hanya. A je gidan wancan, shi ma a ce masa haka. Ba ƙarya ake yi ba. Akan zaɓi gefen gaskiyar da mutum zai iya haɗiyewa a ba shi, a riƙe sauran sai ransa ya kwanta. Daga nan a fita gona da hantsi, a tsaya inda tsohon kututturen gawo yake, ko inda jerin gamba ya ɓace, a dasa sabon tushe. A wurinmu gwanin sulhu shi ne wanda idan aka tashi, babu mai iya nuna wanda aka kayar.

Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Tungar Guru da wasu garuruwa, namu ƙauyen ma bai tsira ba. Da ma'aikatan lafiya suka tabbatar cewa ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ce, aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka ce duk wani injin niƙa ya koma bayan gari. Sai aka rasa inda za a kai su. Akwai wata saura a arewacin gari ta marigayi Malam Ango, ta daɗe ba a noma ta ba. Mai gari ya ce in je in daidaita.

Na samu Garba, babban ɗan marigayin, na ce masa, "Gonar ubanku ce, babu mai raba ku da ita. Aro gari ke nema saboda rayukan yara." Ya yarda. Na samu Alhaji Isiya mai injuna, baƙo ne da zinariya ta kawo daga wata jiha, mutum mai tsoron ya kafa a ce masa ya tashi. Na ce masa, "Wurin nan na gari ne yanzu. Kafa abinka, babu mai tashinka." Shi ma ya yarda. Injuna suka fita.

Da za a sake mai da ni wancan lokaci, maganar da zan faɗa musu ke nan, domin a kwanakin nan ƙananan kaburbura ake haƙawa, babu sararin ja-in-ja. Kuskurena yana wani wuri ne. Kakanka ba ya ɗaukar sulhu ya ƙare sai ya zaunar da mutanen biyu a inuwa ɗaya, ya haɗa rabin da ya ba wannan da rabin da ya ba wancan, kowa ya ji da kunnensa, a shafa fatiha. Ni ban yi wannan zaman ba. Na ga injuna sun fita, yara sun fara samun sauƙi, makaranta tana jirana, na ɗauka an gama.

Wannan ita ce nasihata ta farko. Duk maganar da ka faɗa wa mutum biyu a rarrabe, ka tabbata za ka iya maimaita ta suna zaune tare, kuma kada ka jinkirta zaunar da su. A aikinka za ka riƙa magana da wanda ya ɗauke ka, da lauyan ɗaya ɓangaren, da magatakardan kotu. Ka sa a ranka cewa wata rana za su haɗu ba ka nan.

Shekaru suka wuce. Alhaji Isiya ya gina ɗakunan bulo a wurin, ya haƙa rijiya. Garba, da iyalinsa suka ƙaru, ya zo neman gonarsa. Alhaji ya ce gari ya ba shi. Magana ta kai kotun shari'a a Gummi, Garba ya gabatar da ni a matsayin shaidarsa, Alhaji kuma ya ɗauko Barista Haliru daga Gusau.

Da alƙali ya ce in faɗi abin da na sani, na faɗi abin da ya gudana tsakanina da Garba, na yi shiru. Ban ambaci abin da na gaya wa Alhaji ba. Ban yi nufin ɓoyewa don in cuci kowa ba. Harshena ya saba da ba da rabi a riƙe rabi, kuma ina ganin Garba a zaune, ban so in tsinka shi a bainar jama'a ba. Ina tsammanin bayan an tashi zan ja su biyun gefe in gyara. Kotu na ɗauka kamar zauren mai gari.

Ka fi ni sanin cewa bayan shaida ya gama, alƙali yakan ba ɗaya ɓangaren dama ya soki shaidar idan yana da abin suka. Barista Haliru ya miƙe. A lokacin matashi ne, siriri, mai sanyin murya. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni makaranta.

Sannan ya ce, "Malam, ka gaya wa Garba gonar ubansu ce, aro ake nema?"

Na ce, "Na gaya masa."

"Ka gaya wa Alhaji Isiya wurin na gari ne, babu mai tashinsa?"

"Na gaya masa, amma ka bari in yi maka bayanin yadda ake sulhu."

"Allah Ya ba Malam haƙuri, ba sulhu muka zo ba. Me ya sa ba ka faɗa wa kotu wannan ɗazu ba?"

Ya jira ni, bai matsa ba. Daga baya ya ce, "To, cikin maganganun nan biyu, wacce ce gaskiya?"

Na ce, "Duka biyun."

Aka yi dariya a bayan kotu. Shi bai yi ba. Ya juya ga alƙali ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wannan shaida mai baki biyu ne. Yana ba kowa abin da kunnensa ke so. Ba a gina hukunci a kan maganarsa."

Alƙali ya ajiye shaidata gefe. Garba bai da wani shaida mai ƙarfi, hukunci bai yi masa daɗi ba, ya ɗaukaka ƙara.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. Dattawan ƙasarmu za su zo ofishinka su zama shaidu, kuma da yawansu za su ba ka rabin magana. Ba maƙaryata ba ne. An koya musu cewa faɗin komai a gaban kowa rashin tarbiyya ne. Kada ka kai dattijo gaban alƙali sai ka zaunar da shi a ofis ka yi masa duk tambayar da ka san lauyan can zai yi. Ka tambaye shi me ya gaya wa ɗaya ɓangaren. Zai ji zafinka, wataƙila ya ce ba ka da kunya. Gara ya ji zafin a ɗaki daga kai sai shi. Garba bai ɗauki lauya ba, saboda haka babu wanda ya yi mini wannan alheri.

Na dawo gida da kalmar nan tana yi mini yawo a kai. Mutumin da ake kira ya tsaya a kan iyaka, ba shi da wani jari sai a ce maganarsa ɗaya ce. Na ƙudurta sai na kai Barista Haliru ƙarar ɓata suna.

Innarka ta ce, "Malam, mutum nawa sunka ji zancen ga? Duk waɗanda ke cikin kotun nan ba su cika motar Gummi guda ba. Ka bar shi can shi mutu."

Na ce mata ba ta san darajar suna ba. Ta ce, "Na san ta, tunda ni ka wanke rigar da ake sa wa sunan. Allah Shi kyauta."

Kawunka Bawa, da yake taubashina ne, ba ya tauna mini magana. Ya same ni a ƙofar masallaci ya ce, "Hedimasta, kai da ka ƙare rayuwarka kana tare mutane daga hanyar kotu, yau kai za ka da ƙafarka? Mi ya yi zafi? In ka tahi ka biya asibiti tukuna su duba ka, ina jin zazzaɓi ne ya hau ma kai."

Na ce masa ya je ya ji da awakinsa.

Na tafi Gusau wurin wani tsohon lauya da aka yaba mini. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce ƙarar ba za ta yi rai ba, domin doka ba ta bari a kai lauya ƙara a kan abin da ya faɗa a gaban alƙali yana kare wanda ya ɗauke shi. Ya ce in koma gida. Na fito ina cewa a raina lauyoyi bakinsu ɗaya, suna rufa wa juna asiri. Na shiga wani ofishin, aka faɗa mini kusan haka. Na ci gaba da tambaya har na samu wani wanda ya girgiza kai ya ce, "Kai, Baba, an zalunce ka. Za mu gwada." Wannan na riƙe.

Sai daga baya na lura cewa mutumin nan ya yi mini daidai abin da aka zarge ni da shi: ya ba kunnena abin da yake so. Ban ga laifinsa da yawa ba, ni na yi ta yawo har na same shi. Amma kai, Dikko, ka zama irin lauyan farko. Masu fushi za su zo maka, wasu sun haife ka, wasu suna da sarauta. Idan ƙararsu ba ta da ƙafa, ka ba su ruwa, ka saurare su har su gama, ka ce musu su koma gida. Za su zage ka a hanya. Ni ma na zagi wancan dattijo, kuma a cikin duk waɗanda na gani a Gusau shi kaɗai nake yi wa addu'a har yau.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su gaya maka ba. Ba wanke sunana kaɗai nake nema ba. Ina lissafin cewa idan Barista Haliru ya ga takardar sammaci da sunansa, zai tsorata ya janye daga shari'ar gonar, wadda a lokacin tana gaban kotun ɗaukaka ƙara. Ina kuma fatan idan wata kotu ta ce ni mai gaskiya ne, shaidata za ta farfaɗo, Garba ya amfana. Lauyana ya san da wannan, har ya bar alamarsa cikin takardun da ya shigar.

Saboda ranar zaman babbar kotu na ɗinka sabuwar babbar riga. Na ɗauki hayar bas, na cika ta da dattawan ƙauye da tsofaffin ɗalibaina, don su shaidi halina. Na shirya jawabi a kaina tun daga Bukkuyum har muka wuce Anka ina maimaita shi. Ba a bar ni na buɗe baki ba. Lauyan da ke tsaya wa Barista Haliru ya miƙe tun da farko ya roƙi kotu ta kori ƙarar ba tare da an shiga cikinta ba. Lauyoyi suka yi ta musu da Turanci, aka sa ranar yanke hukunci. Da ranar ta zo muka sake cika bas muka koma Gusau.

Na koyar da Turanci shekaru masu yawa, don haka ban buƙaci tafinta ba. Alƙalin ya ce abin da lauya ya faɗa a cikin kotu, a kan batun da ke gaban kotu, yana wakiltar wanda ya ɗauke shi, ba a kai shi ƙarar ɓata suna a kansa, ko maganar ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. Ya ce da za a buɗe wannan ƙofa, babu lauyan da zai ƙara sukar shaidar wani mai faɗa-a-ji, kuma mara galihu zai rasa mai yi masa magana. Idan lauya ya wuce gona da iri, akwai alƙalin da ke zaune a wurin, akwai kuma hukumar da ke ladabtar da lauyoyi. Sannan ya ɗago kai ya ce ya karanta takarduna da kyau, kuma abin da ya gani shi ne ana so a sake shari'ar gona ta bayan gida, a kuma razana lauya ya saki wanda yake karewa. Ya ce wannan amfani da kotu ne don abin da ba a kafa ta dominsa ba, kuma kotu ba za ta bari a mai da ita sandar duka ba. Ya kori ƙarar, ya ɗora mini kuɗin ɗawainiya.

Ban ji an zalunce ni ba a wannan lokaci, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyi. Bayanin da ya yi na san shi tun ina saurayi. Sau nawa na zama wakili wurin neman aure ko rabon gado, na faɗi magana mai kauri a madadin wanda ya aiko ni, washegari mu gaisa da wanda na faɗa wa, babu komai a rai? Kowa a ƙauye ya san ba a riƙe wakili da maganar da aka aiko shi da ita. Na san haka ga mai rawani, na kasa ganewa ga mai baƙar riga.

A harabar kotu Barista Haliru ya zo inda nake tsaye, ya cire hularsa ta lauyoyi, ya rusuna ya ce, "Baba, Allah Ya huci zuciyarka. Da kai ka ɗauke ni, haka zan yi wa shaidar Alhaji."

Na kawar da kai, na shiga bas.

Sauran ka san wani abu daga ciki. Kalmar da 'yan mutane kaɗan suka ji a Gummi, ni da kaina na ɗauko hayar mota na kai jama'a Gusau aka karanta musu ita daga takarda, aka fassara musu. Kafin kasuwar Bukkuyum ta sake ci, 'yan kabu-kabu sun san ta. Wannan bai dame ni sosai ba, surutun kasuwa yakan tsufa. Abin da ya dame ni shi ne damina ta zo, lokacin da rigingimun iyaka ke tashi, babu wanda ya yi sallama a ƙofar gidana. Wata daminar ta sake zuwa, haka. Na je na tambayi mai gari.

Ya ce, "Malam, ba don abin da lauya ya ce ba ne. Duk mun san yadda kake aiki, mu munka aike ka. Amma ka san mai rigimar gona, in ransa ya ɓaci babu abin da ba ya faɗi, har mai sulhun yakan zaga. Yanzu mutane tsoro suke ji su faɗi mai zafi a gabanka ka kai su Gusau."

Ban taɓa duba abin ta wannan fuska ba. Aikin kakanka ya tsaya ne a kan mutum ya iya shan zagi bai rama ba. Lauya bai ƙwace mini shi ba, alƙali ma bai ƙwace ba. Garba da Alhaji Isiya kuwa, bayan sun gaji da zirga-zirga, wani malami ya zaunar da su a inuwa ɗaya suka daidaita, irin zaman da ya kamata in yi tun farko.

Kada ka ɗauka ina gaya maka cewa Barista Haliru bai da laifi ko kaɗan. Har gobe ina ganin kalmarsa ta fi ƙarfin buƙata. Yana iya cewa maganar shaida ta saɓa wa juna, ya samu abin da yake nema, ba tare da ya laƙaba wa mai furfura suna ba. Nan ma akwai darasi gare ka. Kariyar nan da ta kore ni daga kotu, gobe kai za ka shiga inuwarta. Ka sani ba don kai aka yi ta ba, don wanda ya ɗauke ka aka yi ta, domin ka iya faɗin abin da shi ba zai iya ba. Ka soki shaida iyakar abin da shari'ar ke buƙata, ka tsaya nan. Abin da ya ƙaru a kan haka naka ne, ba na wanda kake karewa ba, kuma ko da kotun duniya ba ta tambaye ka ba, akwai inda za a tambaye ka, can kuwa babu lauyan da ke da kariya.

Amma laifin kalma ɗaya bai kai ka rufe wa kanka ƙofa ba. Na bi labarin mutumin nan shekarun nan, kamar yadda mutum kan bi labarin wanda ya taɓa kayar da shi. Daga Anka har Gummi ban ji wanda ya fi shi sanin shari'ar gona da gado ba. Na ji ya tsaya wa manoma a kan masu haƙar ma'adinai, kamar yadda ya tsaya wa mai injuna a kan manomi, kuma ban ji an ce ya sayar da wanda ya ɗauke shi ba. Ya ga sunana a jikin naka, ya ga garin da ka fito, ya san ɗan wane ne kai, ya kira ka duk da haka. Ban san abin da ke ransa ba, ba kuma zan ƙirƙira masa ba. Na dai san cewa a Kaduna za ka koyi shari'ar kamfanoni, idan ka samu wuri, a Gusau kuwa za ka koyi shari'ar mutanen da ka san yadda suke magana da yadda suke yin shiru. Lauyoyin da suka san abin da dattijo ke nufi idan ya ce "duka biyun" ba su da yawa.

Idan ka ƙi aikin nan saboda ni, ka sake shigar da ƙarar da aka riga aka kora ne, sai dai wannan karon babu alƙalin da zai tsayar da ita da wuri, kuma kai za ka ɗauki ɗawainiyar, da shekarun ƙuruciyarka. Ni na kai ƙarata, an saurare ta iyakar yadda ta cancanta, an rufe. Ban ba ka gadonta ba, ban kuma yarda ka ɗauke ta da kanka ba.

Saura abu ɗaya, gara ka ji shi daga gare ni kafin ka tarar da shi a can. Jikokin gidaje biyu na ƙauyenmu sun fara ja a kan fadamar bayan gari. Ni na zagaya iyakarta da daɗewa, kuma cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran nan ni kaɗai na rage da rai. An gaya mini ɓangare ɗaya sun riga sun je ofishin Barista Haliru, ɗaya ɓangaren kuma sun aiko mini za su kira ni shaida. Ke nan akwai yiwuwar in sake tsayawa a gabansa kana ɗaya daga cikin yaransa. Idan haka ta faru, ka shaida masa tun da wuri cewa shaidar mahaifinka ne, ka cire hannunka daga shari'ar kamar yadda ƙa'idar aikinku ta tanada. Bayan wannan kada ka ƙara ko kalma. Kada ka roƙe shi ya sassauta mini, kada ka nuna masa a fuska. Ka bar shi ya tambaye ni duk abin da ya ga dama. A fadamar nan ma na gaya wa kowane gida rabinsa, kuma na yi niyyar faɗa wa alƙali duka biyun tun kafin a tambaye ni.

Saboda haka gobe idan Allah Ya kai mu, ka kira su ka ce ka karɓa. Ba sai ka zo ka gaya mini ba. Idan na ga Innarka tana haɗa maka kaya, na samu amsata.

Ranar tafiya ka bi motar safe, wadda ke tashi tare da sauran motoci, kada ka yarda yamma ta yi maka tsakanin nan da Anka. Idan ka sauka ka sanar da Innarka, domin ba za ta ci abinci ba sai ta ji. Ka riƙe sallah a kan lokacinta ko da kotu na zaune, ka nemi izini ka fita.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka fara a sa'a. Ya tsare harshenka daga cutar da wanda bai cancanta ba, Ya ƙarfafa shi a inda shiru zai zama zalunci. Ya haɗa ka da alƙalai masu tsoronSa, Ya raba ka da dukiyar da za ta zame maka nauyi. Na yafe maka duniya da lahira, kuma na sa maka albarka a wannan tafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Umaru.